DUTSEN DA KE ƘARƘASHIN GONARKA: NA WANE NE, KUMA NAWA NE RABON MAI HAƘA?



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau a kan ma'adinai ne. Tambayoyi sun yawaita daga mutanenmu na Gwarzo da Kabo, daga Getso da Kutama da Lakwaya har Garo da Godiya, kuma kusan duk abu uku suke zagayawa. Na farko, idan aka ga wani dutse mai daraja a gonata, nawa ne ko na hukuma? Na biyu, yaron da ya tafi ci-rani ramin zinare, yaya hukuncin rabon da ake yi da shi? Na uku, idan rami ya rufta da mutum, wa zai ɗauki alhaki?

Kada wani ya ce maganar ta yi mana nisa. Ƙasar yammacin Kano tsohon dutse ne, dangin wanda ya miƙe zuwa Katsina da Birnin Gwari da Zamfara, inda ake samun zinare. Tifofin yashi da burji kuwa kullum suna kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, kuma a doka su ma ma'adinai ne. Sannan da rani matasanmu da yawa suna tafiya ramukan wasu jihohi. Abin da nake so mu fita da shi daga darasin nan guda ɗaya ne: tun kafin a kafa diga ake raba arzikin rami, wato a wurin yarjejeniya. Wanda ya shiga rami bai san matsayinsa ba, shi zai sha ƙura, wani ya kwashe riba.

DARASI DAGA ƘASASHEN DAIMON

Bari mu fara da daimon, domin babu ma'adinin da ya fito da wannan magana fili kamarsa. Mu Hausawa mukan kira shi lu'ulu'u, amma a Larabci lu'ulu'u shi ne wanda ake cirowa daga cikin teku, daimon kuwa sunansa almas. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da suka shahara da haƙarsa, sai dai tarihinsa makaranta ce ga duk mai gona da duk mai haƙa.

Misali na farko Afirka ta Kudu. A 1871 aka ga daimon a gonar wasu manoma biyu, wa da ƙani, masu suna De Beer, a wurin da ya zama garin Kimbali. Mutane suka cika musu gona, su kuma suka sayar da ita a kan kimanin fam 6,000 suka yi gaba. A 1888 Cecil Rhodes ya kafa kamfanin De Beers, wanda ya daɗe yana juya kasuwar daimon ta duniya. Ka ga sunan manoman ne a kan kamfanin, amma ba su da ko sisi a cikinsa. Baƙaƙen fata masu haƙar kuwa, a wani gida mai katanga ake kulle su har kwantiraginsu ya ƙare, kuma ana caje jikinsu don kada su fita da dutse.

Misali na biyu Botswana. Ta samu 'yancin kai a 1966 tana cikin matalautan ƙasashen duniya. A 1967 aka gano daimon a Orapa, a yankin ƙabilar shugaban ƙasar ta lokacin, Seretse Khama. Da ya so, da ya ce arzikin na ƙabilarsa ne. Sai aka yi doka aka mayar da haƙƙin ma'adinai hannun ƙasa baki ɗaya. Kamfanin da ke haƙar, Debswana, rabi na gwamnati ne rabi na De Beers, sannan gwamnatin tana da kashi 15 cikin 100 na De Beers ɗin kansa. Da kuɗin aka gina makarantu da asibitoci da hanyoyi. A watan Fabrairun 2025 suka sa hannu a sabuwar yarjejeniya da ta ƙara wa ƙasar kason duwatsun da za ta sayar da kanta. Duk da haka, da farashi ya faɗi saboda daimon ɗin da ake ƙerawa a masana'anta, tattalin arzikin ƙasar ya ja baya a 2024. Wato ko an yi rabo na adalci, dogaro da dutse ɗaya hatsari ne.

Misali na uku Saliyo. An gano daimon a yankin Kono a 1930. Tsarin da ya yaɗu a can shi ne mai kuɗi ya ba 'yan haƙa shinkafa da shebur da rariya, da sharaɗin duk dutsen da ya fito shi za a sayar wa, kuma shi zai yanka farashi. Daga 1991 zuwa 2002 ƙasar ta yi yaƙin basasa, aka riƙa sayen makamai da kuɗin daimon. Irin wannan ne ya sa a 2003 ƙasashe suka kafa tsarin Kimbali na tantance asalin dutse kafin a sayar da shi.

Dutsen iri ɗaya ne a ƙasashen nan uku. Abin da ya bambanta shi ne wa ya mallaka, da me aka rubuta, da wa ya san farashi.

NA WANE NE A FIƘIHU?

Malamai sun yi saɓani. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya, a dunƙule, suna ganin daskararren ma'adinin da ke cikin ƙasar da mutum ya mallaka yana bin ƙasar. Amma mash'hurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda aka yi karatu a kanta a ƙasar Hausa shekaru aru-aru, shi ne al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba, ko da a gonar wani aka same su. Sahnun yana cikin waɗanda suka ce na mai ƙasar ne, sai dai zancen farko shi ne wanda Mukhtasar na Khalil ya tafi a kai.

Hujjarsu tana da ƙarfi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Abyad ɗan Hammal ya roƙi Annabi (SAW) ya yanka masa wurin gishiri na Ma'arib, aka ba shi. Da aka bayyana wa Annabi (SAW) cewa wurin kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga da ba ya yankewa, sai ya karɓe. A ɗaya ɓangaren kuma, Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa an ba Bilal ɗan Haris Almuzani ma'adinan Ƙabaliyya ya yi aiki a kansu. Idan ka haɗa biyun sai ka ga shugaba yana da ikon ba da izinin haƙa, yana da ikon hanawa, kuma ma'aunin shi ne maslahar jama'a.

A lura da kyau: da malamai suka ce yana hannun shugaba, riƙon amana suke nufi. Shugaban da ya raba wuraren haƙa ga 'yan gidansa da abokan siyasarsa ya ci amanar da aka ba shi, kuma zai amsa tambaya.

NA WANE NE A DOKAR ƘASA?

A nan dokar Najeriya ta zo kusa da mash'hurin Malikiyya. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999, da sashe na 1 na Dokar Ma'adinai ta 2007, sun ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasa yana hannun Gwamnatin Tarayya. Saboda haka dagaci ba shi da ikon sayar da shi, hakimi ba shi da iko, shugaban ƙaramar hukuma ba shi da iko. Lasisi yana fitowa ne daga ofishin rajistar wuraren haƙar ma'adinai na tarayya, ƙarƙashin Ma'aikatar Ma'adinai. Akwai lasisin bincike, akwai na ƙaramar haƙa, akwai na babbar haƙa, akwai na fasa dutse da ɗibar yashi. Wanda yake riƙe da lasisin bincike ba a ba shi izinin buɗe rami ya yi ta lodi yana sayarwa ba.

To, mai gona fa, ya tashi a tutar babu ke nan? A'a. Ana neman amincewarsa a rubuce wajen neman lasisi. Yana da haƙƙin diyyar amfanin gonarsa da bishiyoyinsa da ɓarnar da aka yi wa ƙasarsa. Kuma dokar 2007 ta wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garin da zai yi aiki a cikinsa kafin ya fara. Wannan sa hannun da ake nema a wurinka, ya kai ɗan uwa manomi, shi ne ƙarfinka. Idan wani ya zo da na'urar neman zinare da 'yar takarda ya ce ka dangwala, kada ka dangwala sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka. Ka tuna da 'yan gidan De Beer.

Shi kuma mai aiki ba takarda, rana ɗaya ake tashinsa. A Ghana, 'yan Najeriya da yawa sun yi haƙa da cinikin daimon a yankin Akwatiya, sai gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi marasa takarda a ƙarshen 1969, mutane suka baro dukiyarsu. A Nijar, zinaren Jado ya ɓulla a 2014, dubban mutane suka kwarara can, a 2017 hukuma ta rufe wurin. A Zamfara Gwamnatin Tarayya ta hana haƙa a watan Afrilun 2019, ba ta ɗage ba sai Disambar 2024. A 2024 kuma an kafa runduna ta musamman daga cikin jami'an sibil difens don kama masu haƙa ba izini. Idan an zo kame, ubangidan yana birni. Yaronmu ne ake samu a bakin rami.

LADAN MAI HAƘA

Rikicin lada a wurin haƙa tsoho ne. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikatan kwal 21 a Inugu, suna cikin takaddamar haƙƙoƙinsu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ɗebi mutane daga lardunan Arewa aka kai su aikin tilas na kuza a Jos, da yawa ba su dawo ba. A ranar 16 ga Agusta 2012 'yan sandan Afirka ta Kudu suka kashe ma'aikata 34 a Marikana, suna yajin aikin neman ƙarin albashi. Waɗannan ma manyan kamfanoni ne masu rajista da littafin albashi. Ina ga ramin daji da ba a rubuta komai?

Ga yadda tsarin yake a mafi yawan ramukan da yaranmu suke zuwa, kamar yadda su da kansu suke faɗa. Ubangida ne ke kawo abinci da diga da injin jan ruwa. Babu albashi. Idan dutse ya fito, sai ya fara cire duk abin da ya kashe, kuma shi kaɗai ya san lissafin. Ragowar a raba. Sannan kason yaron ma dole shi za a sayar wa, a kan sikelinsa, da farashinsa. Idan ba a samu komai ba, wani lokaci kuɗin abincin ya zama bashi a wuyan yaro. Wannan shi ne tsarin Kono sak, dutsen ne kawai ya canja.

Mu auna shi da fiƙihu, gaɓa-gaɓa.

1. Idan ijara ce, wato ɗaukar mutum aiki, to sharaɗi ne a san ladan kuma a san aikin ko lokacinsa. "Ka yi aiki, za mu gani" ba lada ba ne, garari ne. Bukhari ya ruwaito hadisin ƙudusi da ke nuna Allah da kansa zai yi husuma ranar ƙiyama da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa.

2. Idan rabo ne a kan abin da ya fito, malaman Malikiyya suna da zance biyu: wasu sun halatta bisa ƙiyasi da ƙiradi, wasu sun hana saboda ba a san abin da zai fito ba. Ko a wurin waɗanda suka halatta, dole a ambaci kason tun farko, rabi ne ko sulusi ko rubu'i. Kuma a ƙiradi, idan an yi asara ba tare da sakaci ba, mai kuɗi ne ke asarar kuɗinsa, ma'aikaci ya yi asarar wahalarsa. Ba a haɗa masa asarar wahala da bashin abinci.

3. Sharaɗin "na ba ka bashi, amma ni kaɗai za ka sayar wa" haɗa rance ne da ciniki, kuma an hana. Rance ne da ya jawo wa mai shi amfani.

4. Saye a bakin rami daga wanda bai san farashin kasuwa ba ya yi kama da taren fatake a hanya kafin su iso kasuwa, wanda Annabi (SAW) ya hana. Yau farashin giram na zinare yana cikin wayar kowa. Ɓoye shi ga yaron da ya haƙo cuta ce.

5. Sikelin da aka taɓa kuwa, sura guda aka saukar da sunan masu tauye awo. Zinare da giram ake auna shi, ɗan abin da ba ya cika tsinin cokali kuɗin buhun masara ne ko fiye.

Ga wani ma'auni mai sauƙi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, Jihar Kano kuma ta sa nata 71,000. Kai matashi, ka lissafa watannin da ka yi a rami, har da waɗanda ba a samu komai ba. Ka haɗa duk abin da ya shigo hannunka, ka cire kuɗin mota da na magani, ka raba da yawan watannin. Idan bai kai wannan adadi ba, to ka sayar da lafiyarka a ƙasa da albashin masinja. Labarin mutum ɗaya da ya dawo da sabon babur ake yaɗawa a majalisa, ba a ƙirga waɗanda suka dawo da tari. Kafin ka tafi, ka kwatanta da abin da noman rani a bakin dam ɗin Guzu-Guzu ko na Pada zai iya ba ka.

IDAN RAMI YA RUFTA

Akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ke nuna ba a biyan diyyar wanda ya halaka a ramin ma'adini. Wasu iyayen gida sun haddace wannan, suna kafa hujja da shi. Malamai sun yi bayani cewa ana nufin inda babu ta'addanci ko sakaci daga mai ramin: baligi mai hankali ya shiga da zaɓinsa, ƙaddara ta faɗa masa. Amma wanda ya ga bango ya tsage ya ce a ci gaba, ko ya hana katakon tokare don tsimin kuɗi, ko ya tura mutane ƙasa da damina bayan an gargaɗe shi, wannan hadisin ba mafakarsa ba ne. Game da yara kuwa, Imam Malik ya bayyana cewa wanda ya sa yaro ya shiga rijiya ko ya hau dabino, yaron ya halaka, to wanda ya sa shi ne zai lamunce. Ramin zinare ya fi rijiya hatsari nesa ba kusa ba. A watan Yunin 2024 rami ya rufta da mutane da dama a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro a Jihar Neja, bayan ruwan sama mai yawa.

Akwai kuma kisan da ba ya ƙara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Dutsen zinaren yana haɗe da dalma, mutane suka riƙa kai shi gida suna daka shi da niƙa shi a tsakar gida, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Zaiba kuma, wato makuri, da ake kama zinare da ita sannan a ƙona, hayaƙinta yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Don Allah, duk wanda ya dawo daga rami kada ya shigo da dutse ko kayan aikinsa cikin gida, kada kuma a kai dutse injin niƙan hatsi. Ko ramin yashi da burji da aka bari a buɗe a bayan gari, da damina tafki yake zama, yara su faɗa. Wanda ya haƙa shi ne ya kamata ya cike.

ZAKKAR MA'ADINI

A Malikiyya da Shafi'iyya zakkar ma'adini tana kan zinare da azurfa ne kawai. Idan abin da aka tace ya kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85 na zinare, sai a fitar da ɗaya cikin 40 nan take, ba a jiran shekara. Wanda ya samu giram 100 zai fitar da giram 2.5. Idan curi ne tsantsa da aka samu ba tare da wata wahala ba, Malikiyya sun ce humusi ne, ɗaya cikin 5. Hanbaliyya sun faɗaɗa zakkar zuwa duk ma'adinin da ƙimarsa ta kai nisabi, har da duwatsu masu daraja irin su daimon. Wanda kuma yake saye da sayarwa, hukuncin zakkar kasuwanci ne a kansa.

ABIN YI

Ga mai gona: ka nemi ganin lasisi, ka san irinsa, ka tabbatar gonarka tana cikin iyakar da aka rubuta. Diyya da sharaɗin cike rami su shiga takarda, a gaban dagaci da shaidu biyu. Idan gonar gado ce, sa hannun mutum ɗaya bai wadatar ba, har da 'yan uwa mata sai sun yarda.

Ga matasa: doka ta ba ƙungiyar haɗin gwiwa mai rajista damar neman lasisin ƙaramar haƙa. Mutum 20 da suka haɗa kai suka sayi sikelinsu sun fi ƙarfin ciniki a kan mutum 20 da kowa ke bin ubangidansa. Kafin ku shiga rami ku tambayi abu huɗu: nawa ne kasona, wa ke riƙe da littafin kashe kuɗi, ina da 'yancin sayarwa inda na so, kuma wa zai biya magani idan na ji rauni. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ku amsa.

Ga iyayen gida masu zuba kuɗi: neman riba halal ne, kuma kuna ɗaukar hatsari da dukiyarku, ba mu musa ba. Ku buɗe lissafi, ku bar yaro ya ga sikeli, ku sallami ƙananan yara su koma makaranta.

Ga iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni: ku ne ake fara zuwa wa da goro. Ranar da gona ta zama kwazazzabo, baƙon ya tafi, ku za a tsare da ido.

Wanda yake da yarjejeniyar da yake son a duba masa ta fuskar fiƙihu, ya turo ta saƙon sirri, ya goge sunayen mutane. Ta fuskar doka kuwa a nemi lauya. Ku tura wannan darasi ga duk wanda kuka san yana shirin tafiya rami bana.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare matasanmu, Ya jiƙan waɗanda ƙasa ta rufe. Wallahu a'alam.